Me Ya Sa Kwamfutar da Ta Fi Kowace Gudu Take Yini Tana Jira?

A watan Nuwamba na 2020, katafariyar kwamfutar Fugaku da ke cibiyar bincike ta RIKEN a birnin Kobe na Japan ta zauna jarrabawa biyu. A ta farko ta yi lissafi biliyan sau miliyan 442 a cikin daƙiƙa guda, ta zo ta ɗaya a duniya. A ta biyu ma ita ce ta ɗaya, amma da 16 kacal a kan wannan ma'auni. Injin bai canza ba, kuma jarrabawar biyu duk tambaya guda suke yi: ga tarin lissafin aljabara mai ɓoyayyun lambobi birjik, a nemo su. To ina kusan kashi 96 cikin ɗari na ƙarfin injin ya shiga?

Ya shiga jira. Firosesoshin, wato sassan da ke yin lissafin, suna nan a shirye, lambobin da za su yi aiki a kansu ne ba su iso ba. Duk wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren fannin da ake kira aljabarar layi mai saurin gaske, domin abin da masana fannin suka shafe shekara arba'in suna fama da shi ke nan.

Bari mu koma aji. An ce lambobi biyu in an tara su sun ba da 10, in an ɗebe ɗaya daga ɗaya saura 2. Ɗalibi zai haɗa jimlolin biyu, lamba ɗaya ta ɓace, ya sami 6, sannan ya koma ya sami 4. Wannan ita ce matsalar, ba wata ba. Bambancin kawai shi ne yawa. Mai hasashen yanayi yana yanka sararin samaniya ƙananan akwatuna, kowane akwati da zafinsa da iskarsa da danshinsa, kuma kowanne ya dogara da maƙwabtansa. Mai ƙera fiffiken jirgin sama haka yake yanka ƙarfen da iskar da ke kewaye da shi. Haka mai nazarin girgizar ƙasa, haka mai bin sawun man fetur a ƙarƙashin duwatsu, haka ɗakunan binciken Amurka da ke kwaikwayon makaman nukiliya a kwamfuta tun da ƙasar ta daina gwada su a zahiri a 1992. Kowannensu a ƙarshe yana ƙarewa da ɓoyayyun lambobi miliyoyi, wani lokaci biliyoyi. Ana jera lambobin da aka sani a wani jadawali mai sahu-sahu da ginshiƙai, wanda masana ke kira matiriks, sai a shiga kawar da ɓoyayyun ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar kawarwar tsohuwa ce. Sunan Gauss, masanin Jamus, aka laƙaba mata, amma masu lissafin ƙasar Sin sun rubuta ta kimanin shekara dubu biyu da suka wuce, suna jera ƙananan sanduna a kan allo. Ita kanta kalmar aljabara daga littafin al-Khwarizmi na Bagadaza ta fito, a ƙarni na tara.

Akwai wani sirri a cikin wannan dabara wanda komai ya rataya a kansa. In ka ninka yawan ɓoyayyun lambobi biyu, jadawalin zai ninka huɗu, amma aikin zai ninka takwas. Ɗauki ɓoyayyun lambobi miliyan goma. Jadawalinsu na ɗauke da lambobi tiriliyan ɗari, kuma tun da kowace lamba na cin bayit takwas, ana bukatar ma'adana mai terabayit 800. Aikin kuwa ya kai lissafi biliyan sau biliyan 670 ko kusa da haka. Injin da ke yin biliyan sau biliyan ɗaya a daƙiƙa zai gama cikin minti goma sha ɗaya da 'yan kai. Abin lura shi ne aikin ya fi kayan aikin yawa nesa ba kusa ba: kowace lamba da ke cikin jadawalin za a taɓa ta sau miliyoyi. Wannan dama ce. In an ɗauko lamba sau ɗaya aka ci moriyarta sau da yawa kafin a mayar da ita, an ci riba. In kuwa duk taɓawa sai an sake zuwa ɗauko ta, an shiga uku.

Ka ɗauka akwai wani akawu mai saurin hannu wanda ke gama lissafi kafin ƙiftawar ido. Takardu biyu ko uku ne kawai ke iya zama a hannunsa. Teburinsa na ɗaukar 'yan ɗaruruwa. Sauran suna ɗakin ajiya a ƙarshen baranda, wasu ma suna wani gini dabam sai an aika ɗan saƙo. Haka firosesa yake. Yana da 'yan guraben riƙe lamba a cikinsa, da ƙaramar ma'ajiyar kusa mai sauri da ake kira kash, sannan babbar ma'adana, sannan ma'adanar sauran injinan da ke haɗe da shi ta waya. Zuwa babbar ma'adana kaɗai na cin lokacin da ya ishe shi yin ɗaruruwan lissafi. Zuwa wani injin ya fi haka sau da yawa. Kuma wani ɓangare na wannan jinkirin babu injiniyan da zai iya cire shi, domin haske kansa santimita 30 kawai yake ci a cikin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Grace Hopper, ɗaya daga cikin magabatan ilimin kwamfuta a Amurka, ta kan raba wa masu saurarenta guntayen waya masu wannan tsawo don su gani da idonsu. Injin da ya cika zaure guda, tazarar da ke tsakanin kusurwarsa da kusurwarsa ta riga ta zama haraji.

Tarihin manhajojin fannin, in ka bi shi, tarihin guje wa wannan zirga-zirga ne. A 1979 Jack Dongarra da Jim Bunch da Cleve Moler da Pete Stewart suka fitar da LINPACK, tarin manhajojin warware irin wannan lissafi. An gina shi a kan wasu ƙananan tubala da ake kira BLAS, waɗanda a lokacin ginshiƙi ɗaya suke ɗauka su ninka shi su tara a kan wani. A wannan salo, lambobi uku ake motsawa don a yi lissafi biyu. A injinan wancan zamani hakan bai dami kowa ba, don firosesa da ma'adana kusan tafiyarsu ɗaya. Sai firosesa ya tsere wa ma'adana, tazarar kuma ta yi ta faɗi shekara bayan shekara. A 1988 aka fito da mataki na biyu na BLAS, a 1990 na uku, wanda shi ne ya sauya wasan. Maimakon ginshiƙi ɗaya, sai a yanko murabba'in yanki na jadawalin wanda zai shige ma'ajiyar kusa, a gama duk abin da za a yi da shi kafin a sake shi. Yankuna uku masu sahu 100 da ginshiƙi 100 lambobi 30,000 ne, amma ninka biyu a tara a kan na uku lissafi miliyan biyu ne. Kowace lamba ta biya kuɗin motarta fiye da sau sittin. LAPACK, wanda ya fito a 1992, sake rubuta LINPACK da ɗan'uwansa EISPACK ne a kan wannan tunani, kuma har yau in ka warware jadawali a manhajojin lissafi irin su MATLAB ko NumPy ko R, galibi shi ne ke aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Hikimar BLAS ita ce raba aiki. Masu lissafi sun amince da sunayen tubalan da abin da kowanne zai yi, kamfanonin firosesa kuma kowa ya je ya ƙera nasa yadda zai fi gudu a kan injinsa. Intel na da MKL, Nvidia na da cuBLAS. Abin ban sha'awa, ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara a wannan sana'a, Kazushige Goto, ma'aikacin ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ne a Japan kafin ya koma Jami'ar Texas, kuma da hannu yake tsara umarnin firosesa ɗaya bayan ɗaya. OpenBLAS da ake amfani da shi ko'ina yau daga aikinsa ya samo asali.

Wannan duk a inji ɗaya ke nan. Da aka zo haɗa dubban injina, sai sabuwar tambaya ta taso: wa za a ba wane yanki? Abin da zai fara zuwa wa mutum shi ne a yanka jadawalin manyan filaye, kowa ya ɗauki nasa. Kuskure ne. Kawarwa tana farawa daga kusurwar sama ta hagu tana gangarowa, yankin da ya rage a yi aiki a kansa yana ta tsukewa zuwa kusurwar ƙasa ta dama. Wanda aka ba filin sama zai gama tun da wuri ya naɗe hannu, na ƙasa kuma kaya ya yi masa yawa. Mafitar da ScaLAPACK ya bi a shekarun 1990 ita ce a yanka jadawalin ƙanana a raba su kamar rabon karta, zagaye bayan zagaye, ta tsaye da ta kwance, yadda kowane inji zai sami rabonsa a sama da tsakiya da ƙasa. Saƙonnin da ke tsakaninsu kuma suna bin ƙa'idar MPI, wadda aka amince da ita a 1994 kuma har yanzu ita ce harshen da manyan injinan ke magana da juna.

An ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a nan karin maganar na da sharaɗi. Gene Amdahl ya nuna shi tun 1967: in kashi ɗaya cikin ɗari na aiki dole sai mutum ɗaya ya yi shi sauran na kallo, to ko ka tara ma'aikata miliyan ba za ka wuce ninki ɗari na sauri ba. Kwamfutar Frontier da ke Oak Ridge a jihar Tennessee ta Amurka na da injina fiye da 9,000 ɗauke da firosesoshin hoto, wato GPU, fiye da 37,000. A irin wannan taro, ɗan ƙaramin aikin da ba ya rabuwa shi ne ke yanke hukunci.

Misali mafi kyau shi ne zaɓen madogara. A kowane mataki na kawarwa ana raba sauran lambobi da wata lamba guda. In ta kasance sifili aiki ya tsaya, in kuma ƙarama ce ƙwarai kurakurai su kumbura. Dalilin kurakuran shi ne kwamfuta ba ta riƙe lamba gaba ɗayanta. A tsarin IEEE 754 na 1985, wato ƙa'idar ajiye lambobi a kwamfuta, lamba mai bit 64 na riƙe alƙaluma kusan 16, sauran a datse. A shekarun 1940 manyan masana sun ji tsoron cewa wannan datsewa za ta taru ta lalata amsar duk wani babban jadawali. James Wilkinson na ɗakin binciken ƙasa da ke Teddington a Ingila shi ne ya kwantar da hankula, ya nuna cewa in ana zaɓen lamba mafi girma a ginshiƙi a matsayin madogara, amsar da ake samu a aikace amsa ce ta gaskiya ga wata matsala da ke dab da wadda aka tambaya. Madalla. Amma ginshiƙin nan yanzu a warwatse yake a hannun ɗaruruwan injina. Kafin a san wace lamba ce babba sai kowa ya faɗi tasa, a kwatanta, a sanar da kowa. Ginshiƙi miliyan goma na nufin zama miliyan goma, kuma a kowane zama lissafin da ake yi bai taka kara ya karya ba.

James Demmel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da Laura Grigori da abokan aikinsu sun kawo wata dabara mai kyau a kan wannan. Maimakon a zauna a kan kowane ginshiƙi, sai a ɗauki ginshiƙai da yawa a dunƙule, kowane inji ya fitar da gwanayen sahunsa shi kaɗai, sannan a kara su biyu-biyu kamar gasar sili-ɗaya-ƙwale har a sami zakaru. Lissafin ya ƙaru, saƙonni sun ragu sosai, kuma cinikin ya biya. Ni a ganina nan ne fannin ya juya wa tsohuwar tarbiyyarsa baya. Ɗalibin lissafi an koya masa cewa dabara mai kyau ita ce mai ƙarancin matakai. Yanzu ga masana suna ƙara matakai da gangan, har su sa injina biyu su maimaita aiki guda, don kawai kada ɗaya ya tsaya jiran ɗaya. Tun 1981 Hong da Kung suka tabbatar da cewa akwai iyakar da zirga-zirgar lambobi ba za ta iya sauka ƙasa da ita ba a ninka jadawali, kuma burin wannan reshe shi ne a matso dab da iyakar. Sababbin manhajoji irin su PLASMA da MAGMA da SLATE sun ƙara da wani abu: an daina sa kowa ya tsaya a ƙarshen kowane mataki, an mayar da aikin dubban ƙananan ayyuka, duk wanda kayansa suka kammala sai a miƙa shi ga injin da ke zaune.

To mu dawo Kobe. Jarrabawar farko da Fugaku ta ci, HPL, jikar LINPACK ce, kuma cikakken jadawali take bayarwa, wanda kowane gurbinsa akwai lamba. A nan duk dabarun da aka ambata suna aiki, manyan injina kan kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar ƙarfinsu. Sai dai yawancin matsalolin kimiyya ba haka jadawalinsu yake ba. Akwatin iskan nan na mai hasashen yanayi maƙwabtansa na kusa kaɗai ya sani. Sahu mai gurabe miliyoyi zai iya zama lambobi bakwai ne ko ashirin da bakwai kawai ke ciki, sauran duk sifili. Ba a ajiye sifilan, ana ajiye lambobin ne da adireshinsu. In ka ce za ka yi kawarwar Gauss a kan irin wannan, guraben da ke fanko za su shiga cikewa har ma'adana ta gaza. Don haka ake bin wata hanya: a yi hasashen amsa, a auna kuskurenta, a gyara, a sake. Fitacciyar dabarar wannan gida Hestenes da Stiefel ne suka wallafa ta a 1952, kuma ita ce zuciyar jarrabawa ta biyu, HPCG.

A nan damar da muka gani ɗazu ta ɓace. Kowace lamba ana ɗauko ta daga ma'adana tare da adireshinta, a ninka sau ɗaya, a tara sau ɗaya, shi ke nan sai zagaye na gaba. Babu yankin da za a riƙe a tebur a yi ta juyawa. Ƙari a kan haka, kowane zagaye na bukatar wata jimla guda da sai duk injinan sun zuba nasu kason, wato wani zaman na kowa da kowa. Akawun nan mai saurin hannu ya koma mai safa da marwa a baranda. Abin da ya rage wa masana shi ne rage yawan zagayen, ta hanyar gyara fasalin matsalar kafin a fara, ko ta warware ta a kan manyan akwatuna tukuna sannan a sauko kan ƙanana. Manhajoji irin su PETSc na Argonne da Trilinos na Sandia da hypre na Livermore, duk ɗakunan binciken gwamnatin Amurka, a wannan fage suke, kuma ba a cika jin sunansu a labarai ba duk da cewa su ne ke ɗauke da kaso mai tsoka na aikin yau da kullum.

Labarai jerin TOP500 suke bi, wato jerin kwamfutoci 500 mafi gudu a duniya bisa jarrabawar HPL. An fara shi a Yunin 1993, lokacin da CM-5 na Los Alamos ya zo na ɗaya da lissafi biliyan 59.7 a daƙiƙa. ASCI Red ya haye tiriliyan ɗaya a jerin 1997, Roadrunner ya haye ninki dubu na wannan a 2008, Frontier ya haye biliyan sau biliyan a 2022, El Capitan na Livermore kuma ya kai 1.742 na wannan ma'auni a Nuwamban 2024. Jerin na da amfaninsa. Ma'auni ɗaya ne da bai canza ba shekara talatin, kuma injin da ya jure sa'o'i yana wannan gudu ba tare da ya faɗi ba ya nuna lafiyarsa. Amma gwamnatin da ta sayi inji don matsayinsa a jerin za ta iya ƙarewa da mai ƙarfin lissafi da siririyar hanyar ma'adana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Dongarra da kansa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa jerin kuma ya karɓi lambar yabo ta Turing ta 2021, shi ne ya haɗa kai da Michael Heroux na Sandia suka gabatar da HPCG a 2013 saboda wannan giɓi.

Yawa na zuwa da wasu ƙananan ciwon kai. Injin mai sassa miliyoyi ba ya daɗewa wani abu bai lalace ba, don haka dogon aiki kan tsaya lokaci-lokaci ya adana inda ya kai. Sannan saboda datse alƙaluma, tara lambobi uku daga hagu ba lallai ya ba da abin da tarawa daga dama zai bayar ba. Tun da saƙonni ba sa isowa da tsari ɗaya kullum, aiki guda a inji guda na iya ba da amsoshin da suka bambanta a alƙaluman ƙarshe, abin da ke wahalar da mai neman kuskure a manhajarsa.

Babban sauyin da ake ciki yanzu daga wajen fannin ya zo. Horar da ƙirƙirarriyar basira kusan gaba ɗayansa ninka jadawali ne, amma ba ya bukatar alƙaluma 16. Lamba mai bit 16 mai riƙe alƙaluma uku ko huɗu ta wadatar, wani lokaci ma ƙasa da haka. Kasuwar can ta fi ta kimiyya girma, don haka masu ƙera GPU can suka karkata. A H100, wani GPU na Nvidia, ninka jadawali da bit 16 ya fi na bit 64 sauri fiye da sau goma, kuma gajeriyar lamba ta fi sauƙin ɗauka. Masana aljabara sai suka tono wata tsohuwar dabara ta zamanin Wilkinson: a yi babban aikin kawarwa da gajerun lambobi a sami amsa ta kusa, sannan a auna kuskurenta da cikakkun lambobi, a gyara, a maimaita sau kaɗan har ta kai ingancin bit 64. Da wannan salo Frontier ya nuna lissafi biliyan sau biliyan 6.86 a daƙiƙa a 2022, a injin da ya ba da 1.1 a jarrabawar gargajiya. Dabarar na da iyaka, domin jadawalin da ɗan ƙaramin canji ke birkita amsarsa ba ya jure ta, gyaran sai ya ƙi haɗuwa. Shi ya sa wasu ke bin hanyar Katsuhisa Ozaki na Japan, inda ake daddatsa kowace doguwar lamba gida-gida, a ninka guntayen da na'urar da aka ƙera don ƙirƙirarriyar basira, sannan a harhaɗa sakamakon ya koma cikakkiyar lamba.